Yadda Ake Gano Sauyin Doron Ƙasa da Hotunan Tauraron Ɗan'adam

Tun wajen zaɓen ranakun hotuna aikin nan yake gyaruwa ko ya lalace. In ka gwada hoton tsakiyar damina da na rani, taswira za ta ce maka daji ya ƙare, alhali ganye ne kawai ya zube. Ɗauki hotuna biyu na wata ɗaya a shekaru daban-daban, ranar da sama take garau.

Taurarin ɗan'adam na Landsat na ɗaukar hoto tun 1972, kuma daga 1982 kowane ɗigo (pixel) a hoton Landsat mita 30 ne tsawo da faɗi a ƙasa. Tauraron Sentinel-2 ya fi shi fito da abu tar, mita 10, sai dai a 2015 ya fara. Dukansu kyauta ne, a shafukan intanet na EarthExplorer (Landsat) da Copernicus Browser (Sentinel-2). Sauko da na mataki na 2, wanda aka riga aka cire wa tasirin ƙura da hazo. Ka yi hattara da Landsat 7 bayan Mayun 2003, domin wata na'urarsa ta lalace, hotunan suna zuwa da zane-zanen giɓi.

Rufe gajimare da inuwarsa da QA_PIXEL, wato fayil ɗin da ke zuwa da hoton Landsat yana nuna inda suke. Inuwar ce ta fi cutarwa, don kwamfuta ruwa take ɗaukar ta.

Daga nan ka kasa ƙasar rukuni biyar ko shida: ruwa, daji, gona, ciyayi, gine-gine, fili fetal. Yawan rukuni yawan kuskure ne. A manhajar QGIS ko Google Earth Engine, shata wuraren da ka tabbatar da abin da ke cikinsu, ka horar da Random Forest (tsarin kwamfuta mai koyon rarraba ɗigo zuwa rukuni) da su, kowace shekara da nata samfurin. Busasshiyar ƙasa da rufin gini kan rikita shi, saboda haskensu ya yi kama, don haka ka ƙara musu samfuri. NDVI, wato ma'aunin korantakar tsirrai, na taimakawa wajen ware su, amma lura: a Landsat 8 zangon haske (band) na 5 da na 4 ake haɗawa, a Landsat 5 kuwa na 4 da na 3.

Yanzu ɗora taswirar farko a kan ta biyu. Duba mahaɗar hanya ko bakin gada. In gocewar ta wuce rabin ɗigo, sauyin ƙarya zai bi gefen kowace gona da kowane kogi. Fitar da jadawalin abin da ya koma wani abu. In ka ga unguwa ta rikiɗe ta zama daji, koma ka binciki samfurinka.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne kuskuren taswirori biyun haɗuwa yake yi. In kowace ta dace kashi 85 cikin 100, taswirar sauyin na iya tsayawa wajen kashi 72. Saboda haka ware aƙalla wurare 50 ga kowane rukuni, waɗanda ba ka yi horo da su ba, ka tantance su da hoto mai kaifi ko ka taka wurin da GPS. Sai bayan nan ka ƙirga ɗigo a tsarin UTM, wanda ke auna taswira da mita, ka ninka da 0.09, ka sami hekta a Landsat.