Yadda za ka nemi a saka maka lambar yabon da aka manta a takardar sallama

Tsofaffin sojojinmu na nan Jos, musamman waɗanda suka je ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a Laberiya tun 1990 ko Saliyo, in ka duba takardar sallamarka ba ka ga lambar yabonka ba, ga yadda za ka yi.

Da farko ka tono duk wata shaida: takardar sallamar, lambarka ta soja, sunan bataliyar da shekarun da kuka yi a can, satifiket ɗin lambar yabon in yana nan, har hotunan fareti kar ka raina su wallahi.

Sai ka yi fotokofi, orijinal kuwa ya zauna a gida, kar ka ba kowa ko da ɗan uwanka ne.

Na uku, rubuta wasiƙa gajera ka faɗi lambar yabon da aka manta da inda ka same ta. Ka leƙa ofishin Nigerian Legion, wato ƙungiyar tsofaffin sojoji, ko barikin Rukuba su nuna maka hanyar da za ta bi, don ofishin adana bayanan sojan ƙasa yana Lokoja ne.

Ka tabbata an buga maka hatimi a kan naka kwafin wasiƙar, sannan ka riƙa bibiya. Abin yana ɗaukar lokaci, baba, sai haƙuri.