Kurakuran da ake yi wajen haɗa wa tarho marar igiya batir, da yadda za a gyara su

Tarho marar igiya, irin na Panasonic da VTech da Uniden da har yanzu ake gani a ofisoshi da otal-otal, ba kasafai yake lalacewa ba, batirinsa ne ke gajiya. Bayan 'yan shekaru sai ka ga da an ɗauke shi daga mazauninsa, ko gaisuwa ba a gama ba ya ɗauke wuta. Samun batirin kamfani kuwa ya yi wuya tun da layin NITEL ya kwanta dama jama'a suka koma salula, shi ya sa masu gyara ke haɗa nasu. In ka yage ledar tsohon batirin, ƙwaya biyu ko uku za ka tarar an jera su kai da gindi, sai waya ja da baƙa da ɗan filogi. Ganin sauƙin abin ne ke sa mutane yin gaggawa.

Ɓarnar farko ita ce jefar da tsohon tun kafin a haɗa sabon. Duk abin da kake bukata yana jikinsa: ƙarfin wutarsa, irin sinadarinsa, girman ƙwayoyin, da yadda aka jera wayoyi a filogi. Kowace ƙwayar Ni-MH ko Ni-Cd, wato nau'o'in batirin caji biyu da ake sa wa irin wannan tarho, bolt 1.2 ce, saboda haka 2.4V na nufin ƙwaya biyu, 3.6V ƙwaya uku. Batirin Panasonic mai lamba HHR-P104, alal misali, 3.6V ne, 830mAh (mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka), Ni-MH. Ɗauki hotonsa ta kowane gefe kafin ka sa masa reza, ka kuma auna ramin da yake zama, domin wasu ƙwayoyin gajeru ne irin 2/3AA, cikakken AA ba zai shiga ba.

Kuskuren da ya fi kowanne haɗari shi ne sa batirin litiyam. Mutum ya ga 3.6V a jikin tsohon, ya ga 3.7V a jikin batirin salula ko ƙwayar 18650 da aka ciro daga tsohuwar kwamfuta, sai ya ce ai duk ɗaya ne. Ya jona, tarho ya kawo wuta, ya yi murna. Matsalar tana cikin mazaunin. Yawancin waɗannan mazaunai ba su san batir ya cika ba, ɗiga masa wuta kawai suke yi kaɗan-kaɗan dare da rana muddin tarhon yana zaune. Ni-Cd da Ni-MH suna iya jure wannan, in sun cika sai su mayar da rarar ta zama ɗan ɗumi. Litiyam ba ya jurewa. Iyakarsa bolt 4.2, in aka ci gaba da ɗura masa bayan nan sai ya kumbura, yana iya kamawa da wuta, kuma ka tuna tarho ne da ke kwana a kan caji ba mai kallonsa. Wasu suna cewa ai batirin salula yana da ɗan allon kariya a kansa. Gaskiya ne, amma an yi shi ne don ranar tsautsayi, ba don ya riƙa aikin caja kullum ba. Wanda ya dage sai litiyam dole ya sa allon caji na musamman irin TP4056, ya nemo masa bolt 5, ya sauya tsarin mazaunin gaba ɗaya, kuma a ganina wahalar ta fi ƙarfin tarhon. Ka yi hattara kuma da ƙwayoyin litiyam masu lamba 10440 da 14500: girmansu ɗaya da AAA da AA, amma kowacce 3.7 ce. Biyu daga cikinsu a tarho mai 2.4V, ka ba shi 7.4 ke nan, nan take zai ƙone.

Batirin tocila da na rediyo da ba a cajinsu ba su da gurbi a nan. Mazaunin zai tura musu wuta, su tsiyayar da ruwa su cinye ƙarafan ramin. In ka riga ka ga farin gari a kan ƙarafan, goge shi da auduga da ɗan ruwan lemon tsami, ka bari ya bushe sarai.

Mai tsohon Ni-Cd yana iya komawa Ni-MH, galibi lafiya lau, sai dai Ni-MH bai kai shi jure ɗigon caji ba. A kwanakin farko ka riƙa taɓa bayan tarhon: ɗumi ba laifi, amma in zafin ya kai ka janye hannu, cire shi.

Sai kwaɗayin babbar lamba. Ƙwayar AAA ta Ni-MH ta gaskiya ba ta wuce wajen 1000 zuwa 1100mAh, AA kuma wajen 2500 zuwa 2800. In ka ga AA an rubuta 4800mAh, fenti ne. Ɗaga ta ma ka ji: AA ta ƙwarai tana kusan giram 26 zuwa 30, ta jabu sakayau take. Ko ta gaskiyar ce ma, mai babbar lamba ba ita ce ta fi dacewa da tarho ba. Eneloop, wadda Sanyo ta fito da ita a 2005 kuma yanzu take hannun Panasonic, AAA ɗinta 750 zuwa 800mAh ne kacal, amma tana riƙe caji kuma tana daɗewa. Ga kuma lissafin lokaci: mazaunin da ke ba da 80mA zai ɗauki wajen awa 14 kafin ya cika ƙwayar 800mAh, domin ana raba 800 da 80 ne a ninka da 1.4 saboda asarar da ake yi. Da yawa sukan ɗora sabon batir awa biyu, su ga ya mutu da wuri, su ce ƙwayoyin ba su da kyau, alhali bai ƙoshi ba ne.

Haɗa ƙwayoyi daban-daban, ɗaya sabuwa ɗaya tsohuwa, ko wannan kamfani da wancan, shi ne ke kashe batir a ɓoye. Kamar haɗa ƙosasshen sa da ramamme ne a garma ɗaya. Mai raunin za ta riga ƙarewa, sauran su ci gaba da tura wuta ta cikinta har su juya mata kai, daga nan ta tashi aiki, ta ja sauran. Sayi dukkansu daga fakiti ɗaya, ka cika su a caja, ka auna kowacce da mitar auna bolt. Cikakkiya tana nuna wajen 1.4. Wadda ta bambanta da 'yan uwanta sosai, ajiye ta gefe.

Wajen liƙi da dalma ake gane gwani. Kamfani ba ya amfani da dalma, walda yake yi wa siririn ƙarfen nikel da ɗan tartsatsi wanda ba ya zafafa ƙwayar. Mafi sauƙi gare ka shi ne ka nemi ƙwayoyi masu kunne, wato waɗanda aka riga aka manna musu ƙarfen, ka yi liƙinka a kan kunnen. In babu, ga inda mutane ke kuskure: suna ɗaukar ƙaramin ayan, wato ƙarfen narka dalma, mai wat 25 don tsoron zafi, dalma ta ƙi kamawa, su danne shi a kan ƙwayar rabin minti. Zafin nan yana ratsawa ciki ya narka robar da ke toshe bakin da takardar da ke raba sinadaran. Ayan mai wat 40 zuwa 60 mai faɗin baki ya fi aminci, domin yana gama aiki kafin zafi ya shiga. Kankare wurin da samfefa har ya yi haske, shafa man liƙi, ɗora ɗigon dalma a daƙiƙa biyu ko uku, janye, bar ta ta huce. Shafa wa bakin wayar dalma daban, sannan ka haɗa su da taɓawa ɗaya. Kada dalma ta malale gefen kan, akwai ƙananan ramuka a wurin da iska ke fita in ƙwayar ta matsu.

Abin da da yawa ba su lura da shi ba: duk gwangwanin ƙwayar, daga gindi har wuya, ɓangaren ragi (−) ne, ledar jikinta kaɗai ke rufe shi. A wajen kai, tazarar da ke tsakanin ƙari (+) da ragi ba ta fi kaurin farce ba. In ayan ya ƙona ledar wurin, ko kunnen ya kwanta a kan gefe, wuta ta haɗu ke nan, kuma Ni-MH tana iya mayar da siririyar waya ja wur. Yanka zoben kwali ka sa a wuyan kafin liƙi, ka naɗe gaba ɗaya da robar da ke tsukewa da zafi. Baƙin salatif yana saki a zafin Afrilu, ya bar danƙo a ramin.

Filogi kuwa, yi amfani da na tsohon, ka yanke wayoyin ɗaya bayan ɗaya, kada almakashi ya haɗa su. In sabo ka saya, kada ka yarda da launi: filogi iri ɗaya, wani kamfani ja a dama, wani ja a hagu. Gwada da hoton da ka ɗauka, ka tabbatar da mita kafin ka soka. In ka tarar da waya ta uku ko wani ɗan abu manne tsakanin ƙwayoyin, na'urar jin zafi ce ko fis. Mayar da shi yadda yake, yana taɓa jikin ƙwaya, domin wasu tarhon ba sa caji in babu shi.

Wani lokaci batirin lafiyarsa lau, laifin na caja ne. Tarhon da aka kawo daga Amurka adaftarsa ta bolt 120 ce, wutarmu kuwa 230, in ba a rubuta 100-240V a jikinta ba sai da taransifoma ko wata adaftar mai fitar da daidai abin da aka rubuta a ƙasan mazaunin. Goge ƙarafan da tarho ke zama a kansu, ka kuma kawar da mazaunin daga taga da saman firji, zafi yana rage wa Ni-MH kwana.

Tsofaffin ƙwayoyin masu alamar Ni-Cd akwai guba a cikinsu mai suna kadmiyam. Kada a jefa su a bolar da ake ƙonawa ko a bar wa yara. Rufe kawunansu da salatif, ka tara su a roba mai murfi har ka samu masu karɓar tsofaffin batura.