Yadda Ake Wanke Filtar Iskar Babur ɗin Jeji da Sanya Mata Mai

Babura irin su Honda CRF da Yamaha YZ da KTM, waɗanda aka ƙera domin shiga rairayi da hanyoyin da babu kwalta, yawancinsu suna ɗauke da filtar iska ta soso. Abin da ya kamata mai babur ya fara fahimta shi ne, soson kaɗai ba ya tare ƙura sosai. Man da aka shafa masa, mai danƙo, shi ne yake kama ƙurar kafin ta wuce. Idan filtar ta bushe ko ta toshe, ƙura mai laushi takan shiga cikin inji ta riƙa cin fistan da ringi da bawul a hankali, har injin ya fara hayaƙi ya rasa ƙarfi. A lokacin hunturu, wanda ya yi doguwar tafiya cikin ƙura bai kamata ya sake hawa ba sai ya duba filtarsa.

Da farko a buɗe akwatin filtar, wanda galibi yake ƙarƙashin kujera ko a gefe, a goge dattin da ke kewaye, sannan a zare ta a hankali don kada ƙasa ta zuba cikin bututun da ke kai iska inji. Nan take a toshe bakin bututun da tsumma mai tsabta. A cire soson daga firam ɗinsa, a duba shi a haske. Idan ya yage, ko ɗinkinsa ya fara buɗewa, ko yana marmashewa a hannu, wanki ba zai gyara shi ba, sai dai a sayi sabo. Haka kuma filtar takarda ba a wanke ta, canza ta ake yi.

Wajen wanki ne mutane da yawa suke kuskure, domin fetur ne abu mafi kusa da hannu a gareji. Gaskiya ne yana narkar da tsohon mai da sauri, amma yana cin gam ɗin da ya haɗa sassan soson, ga kuma haɗarin gobara. Abin da ya fi dacewa shi ne ruwan wanke filta na musamman, irin wanda kamfanonin Motul da Twin Air suke yi. A sa safar hannu, a jiƙa soson, a riƙa matsa shi tsakanin tafukan hannu har ruwan ya yi baƙi. Kada a murɗe shi yadda ake murɗe wanki, saboda murɗawa tana yaga ƙananan ƙofofinsa. Bayan haka a sake wanke shi da ruwa mai ɗumi da sabulun wanke-wanke, a ɗauraye har ruwan ya fito garau, sannan a ajiye shi a inuwa ya bushe sarai. Mai ba ya kama soso mai danshi, kuma iskar injin hura taya tana iya fasa shi, don haka haƙuri kawai ake buƙata. Kafin ya bushe sai a goge cikin akwatin tas.

Idan an zo sanya mai, a nemi man filta na ainihi. Baƙin man inji yana iya fitar da mutum kunya idan babu wani, amma ba shi da danƙo, yakan tsiyaye zuwa ƙasan akwatin ya bar saman soson a bushe. Hanya mai sauƙi ita ce a sa soson cikin leda, a zuba man, a riƙa matsawa ta waje har launinsa, wanda sau da yawa shuɗi ne ko ja, ya game ko'ina ciki da waje, ba tare da wani farin tabo ba. Sai a matse rarar, a danna shi da takarda mai tsotse ruwa. Mai idan ya yi yawa yakan hana iska wucewa, babur ya riƙa shaƙewa, fulogi ya yi baƙi. A bar shi ya ɗan sha iska har man ya yi danƙo a yatsa.

Kafin a mayar da ita, a shafa giris kaɗan a leɓen filtar, wurin da take manne wa akwatin, a tuna a cire tsumman nan daga bututun, a zaunar da firam ɗin daidai, a ɗaure. Daga nan a zagaya da yatsa a gefenta duka a tabbatar babu kafar da iska za ta bi, domin filta mai tsabta da ta zauna a karkace ta fi mai datti ɓarna. Wanda yake yawan hawa zai fi samun sauƙi idan ya mallaki filta biyu, ya sanya wa ɗaya mai ya ɗaure ta cikin leda, ta yadda duk ranar da ya cire mai dattin zai ɗora ɗayar nan take.