Darasi na Bakwai: Kakar Masara Ciyawa Ce

Ka taɓa ganin masara ta tsiro da kanta a daji, tana yaɗuwa babu mai shuka ta? Ba za ka gani ba. Ƙwayoyinta a manne suke da totuwa, ɓawo ya rufe su. In mutum bai ɓare ya shuka ba, iri ya ƙare.

Kakarta ba haka take ba. Wata ciyawa ce mai suna tiyosinte, har yau tana fitowa a kwarin kogin Balsas, a kudu maso yammacin ƙasar Meziko. Tana da rassa birjik. Zangarniyarta ba ta wuce tsawon yatsa ba, ƙwaya biyar zuwa goma sha biyu, kowace a cikin ƙoƙo mai tauri da zai iya karya haƙori. Idan ta nuna sai ta zube ƙasa. Kimanin shekara 9,000 da suka wuce mutanen wurin suka fara zaɓen iri daga cikinta, har ta zama masara.

Da farko masana da yawa ba su yarda ba, don zangarniyarsu ba ta yi kama da juna ba ko kaɗan. Sai wani Ba'amurke, George Beadle, ya yi aikin da manomi zai gane. A shekarun 1970 ya haɗa auren masara da tiyosinte, ya shuka jikokinsu wajen 50,000. Da ya ƙirga, a cikin kowane 500 ɗaya ne ya koma masara sak, ɗaya kuma ya koma ciyawa sak. Daga wannan lissafi ya ce ƙwayoyin gado huɗu ko biyar ne suka raba su. Ya ma gasa tiyosinte a wuta ta fashe kamar gugguru, watakila haka mutanen dā suka fara cin ta.

Ƙwayar gado ita ce umarnin da iri ke ɗauke da shi daga iyaye. A masara, umarnin a jere yake a kan zare goma, kowane zare tagwaye. A farkon shekarun 1990 John Doebley da abokan aikinsa suka bi zaren nan kamar mai bin layin unguwa yana neman gida, suka sami wurare biyar da suka raba masara da tiyosinte. Ɗaya ana kiransa tb1, shi ya hana masara yin rassa ta tsaya kara ɗaya. Wani kuma tga1, shi ya cire ƙoƙon nan mai tauri.

Maganar fure ta fi wannan wuya, kuma ita ta fi shafar gonarka. Tiyosinte ba ta fure sai yini ya gajarta. Da masara ta riƙe wannan hali, da ba ta yi nisa da gida ba. A 2009 masana a Amurka suka auna nau'in masara 5,000, suka ga lokacin fure ba ya hannun ƙwayar gado ɗaya. Suna da yawa, kowace tana matsar da shi kaɗan. Shi ya sa ake iya gajarta kwanakin masara sannu a hankali. Irin SAMMAZ da cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ke fitarwa, akwai masu nuna cikin kwana 80 zuwa 95, daidai da gajeriyar damina.

Ka lura da gonarka. Furen saman kara shi ne namiji, yana zubo gari. Gemun da ke kan goyo shi ne mace, kuma kowane silin gemu ƙwaya ɗaya ce. Idan ruwa ya ɗauke a wannan lokaci, gemu yakan makara, garin ya ƙare kafin ya fito. Nan ake samun totuwa mai giɓi. Don haka ka tambayi kwanakin iri kafin ka saya, ka lissafa kada furensa ya faɗa lokacin da ruwa ya saba yankewa a garinku.

Akwai kuskuren da nake yawan gani. Mutum ya sayi irin aure na kamfani, wato wanda aka samu ta haɗa auren masara iri biyu, ya ji daɗinsa, ya ajiye daga ciki don baɗi. Sai gona ta fito wani dogo wani gajere, wani ya yi fure wani bai yi ba. Abin da ya faru da jikokin Beadle ke nan, halin iyaye ya rarrabu. Irin aure sabo ake saye kowace shekara. Wanda ba na aure ba shi ake ajiyewa.

Aikin wannan mako: in irinka na ajiyewa ne, kada ka jira sai an tara masara a masussuka. Shiga tsakiyar gona yayin fure, nesa da gonar maƙwabci. Ɗaura tsumma a kan karan da furensa da gemunsa suka fito kusan tare, kara ɗari ko fiye, daga cikinsu za ka ɗebi iri. Rubuta ranar shuka da ranar fure a littafinka, ka kawo aji mu ƙirga kwanakin.