Yadda ake tantance hoton raƙuman teku na lokacin hadari, a kuma gyara shi

Wanda ya tsaya a bakin teku a Legas, ko gindin tsohuwar ganuwar Cape Coast ta Gana, cikin watan Yuli, iska na kaɗawa, ruwa na dukan duwatsu, yakan koma gida da hotuna ɗari biyu ko fiye. Da ya buɗe su a kwamfuta sai gwiwarsa ta yi sanyi. Abin da ya razana shi a can ya koma wani farin dunƙule a kan ruwan toka. Rugugin bai shiga hoton ba, gishirin da ya ji a leɓe ma haka. Abu guda ya rage da zai nuna ƙarfin ruwan, wato kumfa, kuma kusan duk gyaran da za ka yi domin ita ne.

Fara da zaɓe, kada ka taɓa komai tukuna. In da hali bar hotunan su kwana biyu, domin ranar da ka jiƙe kana ɗauka, kowanne sai ya yi maka kyau saboda wahalar da ka sha. Sannan ka buɗe kowane hoto ka ƙara girmansa zuwa kashi 100, ka dubi ƙololuwar raƙumin ruwan. Ɗigon feshi ya fito ɗaya-ɗaya, ko ya cakuɗe? Ruwan da ya daki dutse yana buƙatar saurin ɗauka kamar 1/1000 na daƙiƙa kafin ya tsaya cak. Idan hannunka ne ya girgiza har dutsen ma ya yi dishi-dishi, ajiye hoton, babu manhajar da za ta raya shi. Amma idan dutsen ya fito tsaf, ruwan ne kawai ya ja zare kamar auduga saboda ka rage sauri da gangan, wannan salo ne, ba aibi ba.

Tambaya ta gaba ita ce wadda masu koyo suka fi tsallakewa: da me mai kallo zai auna girman ruwan? Hotunan Nazare ta ƙasar Fotugal sun zaga duniya, inda ɗan wasan sululu a kan ruwa Garrett McNamara ya hau raƙumin ruwa mai tsayin kusan mita 24 a 2011. Ka lura da su da kyau. Abin da ke sa gaban mutum ya faɗi shi ne ƙaramar jar hasumiyar fitila da ke kan ganuwa, da mutanen da suka yi cirko-cirko a gefenta kamar tururuwa. Cire su, ka ga yadda dutsen ruwan zai koma kamar wanda aka watsa daga bokiti. Saboda haka cikin hotunanka fifita wanda ke da kwalekwale, masunci, tsuntsu ko shingen dutse, ko da raƙumin cikinsa bai kai na wani hoton ba.

Yanzu sai kumfar. Buɗe hoton a manhajar gyaran hoto ta Lightroom ka danna harafin J. Duk inda fari ya ƙone zai yi ja. Ɗan ja a bakin feshi ba komai ba ne. Amma idan tsakiyar kumfar ce ta rine, ja Highlights, wato maɓallin da ke sarrafa wurare masu haske a hoto, baya a hankali har sai ka fara ganin ƙwarya-ƙwarya da lanƙwasa a cikinta. A nan ne wanda ya ɗauka da RAW, wato hoton da kyamara ke ajiyewa ɗanye ba ta sarrafa shi ba, yake cin riba, domin JPEG, irin hoton da aka saba, matakan haske 256 kawai yake riƙewa a kowane launi, RAW mai bit 14 kuwa 16,384. Sai dai fa ka san inda za ka tsaya. Na sha ganin hoton da aka danne farinsa har kumfar ta koma kamar kunun toka, kuma wannan ya fi ƙonewar muni, don ba wanda ya taɓa ganin teku ta yi kumfa mai datti haka. Bayan ka dawo da zanen cikinta, ɗaga maɓallin Whites kaɗan domin wuri mafi haske ya kasance fari sol.

Miƙe layin da sama ta haɗu da ruwa. Karkata ta digiri ɗaya ma ido na kama ta, sai a ga kamar teku na tsiyaya gefe guda. Wajen yankewa, bar wa raƙumin fili a inda ya dosa.

Launi yana da ruɗi. Kyamara takan mayar da ranar hadari shuɗiya fiye da kima. Gwada tsakanin 6000 zuwa 6500 a ma'aunin Kelvin, wanda ke karkata launin hoto zuwa shuɗi ko ruwan ɗorawa, ka dubi kumfar, ita ce alƙaliya: kada ta yi shuɗi, kada ta yi ruwan ɗorawa. Kuma don Allah ka bar wa ruwan launinsa. Tekun Legas a damina tana ɗauke da yashi, takan yi kore-kore mai gauraye da ƙasa-ƙasa. Mai rina ta shuɗi shar kamar ta tallan otal ya zubar da shaidar hadarin da ya je nema.

Haka batun Dehaze, mai share hazo, da Clarity, mai fito da zane-zanen hoto. Daɗinsu ke ja mutum ya wuce gona da iri. Hazon da kake gani a hoton feshin gishiri ne da iska ta ɗauko, shi ne ke raba raƙumin gaba da na baya. Ka share shi duka, hoton ya zama shimfiɗaɗɗe, gefen duwatsu ya yi wani farin zobe. Gara ka ɗauki burushi ka shafa su a cikin raƙumin kaɗai, wajen duhun nan na ƙarƙashin lanƙwasa, ka ɗan rage hasken sama da na kusurwoyi. Mai aiki da waya zai sami irin wannan a manhajar Snapseed, wajen Selective da Brush.

Kafin ka rufe, bi sararin sama lungu-lungu ka goge tabon da ɗigon ruwan gishiri ya bari a gilashin kyamara, amma ka bambance shi da feshin gaske da tsuntsayen nesa. Sannan ka tashi ka sha ruwa, ka dawo ka jera na asali da gyararre. Idan idonka ya fara sauka kan gajimare kafin raƙumin, ka cika wa sama duhu, sassauta ta. In za ka tura wa wani ya duba maka ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, domin turawar da aka saba tana matse hoto, kuma zanen cikin kumfar da ka sha wahalar dawowa da shi yana cikin abin da ke fara ɓacewa.