Yadda za ka zaga tsohon birnin Turai ka fahimci abin da kake gani

Yaranmu na Katsina da ke tafiya karatu Turai sukan turo hotuna daga tsakiyar tsofaffin birane, ga su tsaye gaban wani dogon gini sun sha rigar sanyi. In ka tambayi ginin mene ne, wa ya gina shi, sai ka ji an ce, "Kawu, wani coci ne dai." Abin yana damuna, domin zanen gine-gine ne sana'ata, kuma na san duk wanda ya tashi cikin birnin Katsina bai kamata waɗannan garuruwa su rikita shi ba. Ya san ganuwa, ya san ƙofofi, ya san fada da kasuwa da hasumiya. Su ɗin ne dai a can, illa an yi su da dutse da jan bulo. Ga yadda nake bi in na sauka irin wannan gari.

Tun kana masauki ka buɗe taswira ka nemi ganuwa. Yawancin biranen sun rushe tasu, amma sawunta yana nan: za ka ga wani faffaɗan titi ko lambu ya zagaye tsakiyar gari. A Viyana, babban birnin Ostiriya, Sarki Franz Joseph ne ya ba da umarnin rushe ganuwar a 1857, aka shimfiɗa titin Ringstrasse a gurbinta. A Krakow ta ƙasar Poland an rushe ta a farkon ƙarni na 19, aka dasa itatuwa a wurin, shi ne lambun Planty, aka bar Ƙofar Florian tsaye da ɗan guntun bango. Mutanen Lucca a Italiya kuwa ba su taɓa tasu ba, tana nan kimanin kilomita 4, har ana yawo da keke a kanta. Abin da ke cikin wannan da'ira shi ne birni, sauran duk waje ne. Ka sauka daga mota a bakin da'irar ka shiga da ƙafa ta ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin. Titin da ya taso daga ƙofa kusan kullum kasuwa yake nufa, ka bi shi kawai.

Idan ka iso dandalin kasuwa, ka mayar da waya aljihu tukuna. Nemi wurin zama ka dubi kusurwoyi huɗu a natse, kana tambayar kanka su wa ke da kuɗi a garin nan lokacin da aka yi waɗannan gine-gine. Dandalin Krakow an shata shi a 1257, kowane gefe kusan mita 200, kuma abin da ke tsakiyarsa doguwar rumfar 'yan tufafi ce. Wannan kaɗai ya gaya maka fatake ne suka riƙe garin. A dandalin Grand Place na Brussels, babban birnin Beljiyam, amsar ta fi fitowa fili. Sojojin Faransa sun yi wa dandalin ruwan igwa a 1695, sai ƙungiyoyin masu sana'a suka sake gina gidajensu cikin 'yan shekaru, kowace tana son nata ya fi. Akwai gidan masu gashin burodi, akwai na masu jiragen ruwa. Ka ɗaga kai ka dubi saman na masu jiragen: an ƙera shi da siffar bayan jirgin ruwa, yadda ko wanda bai iya karatu ba zai gane masu gidan.

Shekarun gini kuwa, daga baka ake fara gane su, wato lanƙwasar saman ƙofa da taga. Baka zagayayye, bango mai kauri, tagogi ƙanana, ciki da duhu, wannan yawanci aikin ƙarni na 11 da na 12 ne. Baka mai tsini, dogayen tagogi masu gilashi kala-kala, ginin yana ta neman sama, shi ake kira Gotik, ya fara a Faransa a tsakiyar ƙarni na 12. In ka ga ado ya yi yawa, ruwan zinariya da lanƙwashe-lanƙwashe ko'ina, to Barok ne, na ƙarni na 17 da na 18. Sai dai kar ka yanke hukunci da ido kaɗai, ka karanta allon da ke jikin bango. Babban cocin Cologne a Jamus an aza harsashinsa a 1248, ba a gama shi ba sai 1880.

Akwai ma inda duk abin da kake gani sabo ne. Tsohon birnin Warsaw na ƙasar Poland sojojin Jamus sun ragargaza fiye da kashi 85 cikin ɗari nasa a 1944. Bayan yaƙin duniya na biyu mutanen garin suka tattara tsofaffin hotuna da zane-zanen ɗaliban gini, da zanen da wani Ba'italiye mai suna Bernardo Bellotto ya yi wa titunan a ƙarni na 18, suka mayar da gidajen ɗaya bayan ɗaya, har UNESCO ta sa wurin cikin jerin kayan tarihin duniya a 1980. Wannan labari yana taɓa zuciyata fiye da kowane dogon coci. Abin da ya sa suka iya shi ne wani ya zana kafin a rushe. Duk sanda na wuce ta Ƙofar Sauri ko Ƙofar Guga na ga inda ganuwarmu ta zaizaye, ko na ga an tuge tsohon soro mai daurin guga an sa siminti, sai in tambayi kaina ko akwai wanda ya auna shi ya ajiye zanensa. Ɗalibin da ya ga Warsaw, in ya dawo hutu, ya ɗauki tef da takarda ya shiga unguwarsu.

Sai mutum-mutumi da sauran sassaƙe-sassaƙen kan titi. Na san da yawa daga cikinmu ba su sakewa da su, ni ma ba don sha'awar gunki nake tsayawa ba. Tarihin gari nake karantawa. A kowane ɗaya ka nemi shekara biyu: yaushe mutumin ya rayu, yaushe aka kafa siffarsa. Jan Hus, malamin addinin da aka ƙona a 1415, sai a 1915 aka kafa masa abin tunawa a dandalin Prague, babban birnin ƙasar Czech a yau, lokacin da 'yan Czech ke ƙarƙashin mulkin Ostiriya suna neman ƙasar kansu. Shekara ta biyun ita ce ke gaya maka abin da masu kafawar ke nufi. Dogon ginshiƙin da ke titin Graben a Viyana alwashi ne da aka cika bayan annobar 1679. Ka riƙa duban ƙasa ma. A ƙofar gidaje da yawa a Jamus da maƙwabtanta za ka ga ƙananan faranti na tagulla, faɗin santimita 10, an kafe su cikin daɓen titi, kowane da suna da shekarar haihuwa da inda aka kai mutumin. Mutanen da 'yan Nazi suka kwashe daga waɗannan gidaje ne. Wani mai zane Bajamushe, Gunter Demnig, shi ya fara aikin kafa farantan a shekarun 1990.

Wanda Allah ya kai shi Sifaniya, kada ya dawo bai je Ƙurɗuba ba, wato birnin Cordoba. Sarkin Musulmi Abdurrahman na Ɗaya ya fara gina babban masallacinta wajen 785, aka mayar da shi coci a 1236, daga baya aka gina wani cocin a tsakiyarsa. Mihrabin yana nan da adonsa da ayoyinsa. Ka sani tun daga gida cewa ba a barin a yi salla a ciki, ka yi sallarka kafin ka shiga. A Ishbiliya kuma, wato Seville, hasumiyar Giralda asalinta ta kiran salla ce, an gama ta a 1198, kuma gangara ake bi a hau ta maimakon matakala.

Ka fita da sassafe kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su iso, musamman da hunturu da rana ke faɗuwa tun wajen ƙarfe 4. Sa takalmi mai kaurin ƙasa, domin daɓen duwatsun nan yana cin ƙafa. In za ka shiga coci ka cire hula, ka rage murya, in ana ibada ka jira a gama. Jakarka ta koma gaba a duk inda aka taru ana kallon sama, kamar gaban agogon Prague na 1410, don nan 'yan sane suke kiwo. Hawan hasumiya ka bar shi zuwa ƙarshe, bayan ka taka titunan da ƙafarka, a lokacin ne za ka gane ƙofar da ka shigo da hanyar da ta kai ka kasuwa. Ka duba lokacin rufewa tun da safe, domin yawanci sukan daina sayar da tikiti kafin lokacin ya cika.