Jinyar tsoho mai karayar kwatangwalo: yadda muka yi da Inna

Da sanyin bara Inna ta fito alwalar asuba a gidanmu na unguwar Zariya a nan Maraɗi, santsin bakin famfo ya kwashe ta. Ba wata faɗuwar kirki ba ce, amma ta kasa tashi. Da muka shimfiɗe ta na ga ƙafar dama ta fi ta hagu gajarta, tafin kuma ya kwanta waje kamar ba nata ba. Duk wanda ya ga alamun nan a jikin tsoho, ga ciwo a gindin cinya, kada ya ja ƙafar, kada ya ce a gwada tsayuwa. A ɗora shi bisa katako ko katifa mai tauri, a nemo mota, a je asibiti a yi radiyo, wato hoton ƙashi.

Mu ba haka muka yi ba. Kawu ya ce a kira maɗori, wa kuma zai musa wa Kawu? Kwana 6 muka ɓata kafin mu je asibiti. Ban raina ɗori ba, hannun ƙanena a can ya haɗe. Sai dai wuyan ƙashin cinya yana can ciki ƙarƙashin tsoka, inda kara da tsumma ba sa kaiwa. Likita ya zana mana a bayan ordonansi, wato takardar magani: kan ƙashin kamar ƙwallo yake a cikin moɗa, jinin da ke ciyar da shi ta wuya yake bi. In wuyan ya karye ya goce, jini ya yanke, kan yana iya mutuwa, shi ya sa ake cire shi a sa na ƙarfe. In karayar ta ɗan sauko ƙasa da wuya, sai a ɗaure da ƙusa da ƙarfe a bar wa mutum ƙashinsa. Ku tambaya wace iri ce taku, domin dokokin jinyar sun bambanta.

An fi son a yi aikin cikin kwana 2. A Ingila ƙa'idarsu ranar da aka kawo mutum ko washegari. Mu nan kuɗi da jini ke cin kwanaki, don haka ku raba aiki tun daren farko: wani ya bi dangi, wani ya tara masu ba da jini, wani ya tsaya kan marar lafiya da jerin magungunan da yake sha. Wasu kan wuce asibitin ƙashi na Dala a Kano, amma ku fara jin ta bakin likitan nan Maraɗi kafin ku jijjiga karyayyen ƙashi a doguwar hanya.

Washegarin aiki mai gashin ƙashi, wanda muke ce wa kine, ya shigo ya ce, “Hajiya, yau za ki tsaya.” Na ji kamar in kore shi. Ɗinki ɗanye, tsohuwa mai shekara 74! Ya ja ni gefe ya ce kwanciya ta fi karayar kashe tsofaffi: majina ta taru a huhu, jini ya daskare a jijiyar ƙafa, baya ya yi gyambo. Cikin tsofaffi huɗu ko biyar da suka yi wannan karaya, kusan ɗaya ba ya cika shekara. Daga ranar na daina jin nauyin ƴan dubiya masu cewa “a bar ta ta huta, ta sha wuya”. Nakan amsa gaisuwa, in sun fita in ce, “Inna, bismillah, mu je bakin ƙofa mu dawo.” Takan harare ni ta ce, “Ke ɗiyar nan ba ki da tausayi.” Sai ta miƙo hannu.

In aka koma gida, wahalar tana ga yadda muke zama. Komai namu a ƙasa yake: tabarma, turmi, murhu, salanga, sallah. Inna kuwa, da yake kan ƙarfe aka sa mata, an hana ta abu uku har mako 6 zuwa 12, kada kan ƙarfen ya fita daga mazauninsa: gwiwa ta fi ƙugu tsawo in tana zaune, harɗe ƙafa, da murɗa ƙafar ciki. Wato ba tsuguno, ba zaman tabarma, ba sunkuyawa ɗaukar buta. Kafin a sallame ta muka ɗaga gadonta da bulo, muka sa kafinta ya huda kujera mai hannu muka ɗora bisa salanga, muka kwashe ledar tsakar ɗaki da ke naɗe baki. In za ta kwanta ta gefe, matashi tsakanin gwiwoyi. Fitila kusa da hannu, don faɗuwa ta biyu a hanyar bayi take zuwa da dare.

Sallah ce ta fi ci mata rai. Sai da limamin unguwa ya zo da kansa ya tuna mata hadisin Imrana ɗan Husaini, cewa wanda ya kasa tsaye ya yi a zaune, sannan ta yarda da kujera.

Maganin hana daskarewar jini a cika shi yadda aka rubuta, yakan kai mako 4 zuwa 5. Kada a tsaya don ta ce ta ji sauƙi. Ɗinki ana cire shi wajen mako 2. In kuka ga wajen ya yi ja yana ruwa, ko zazzaɓi, ko sha-raɓa ta kumbura, ko numfashi ya yi sama-sama, ko ƙafar ta sake gajarta da ciwo farat ɗaya, a koma asibiti a ranar. Akwai kuma ruɗewa. A dare na biyu Inna ta riƙa kiran yayarta da ta rasu tun tuni, har wata ta fara zancen iska. Majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya ce tsofaffi da yawa na yin haka bayan aiki. Aka duba ta, aka ƙara mata ruwa, muka bar wanda ta sani a kusa da ita, kwana 3 ta dawo hayyacinta.

Abinci kuwa, koko kaɗai ba ya gina tsoka. Mun dage da fura da nono, ƙwai, wake, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ta kuma sha hantsi kullum. Likita ya ce ƙashin mata yana yin sakayau bayan ɗaukewar al'ada, shi ya sa ƙaramar zamewa ta karya ta, ya rubuta maganin ƙarfafa ƙashi.

Ta fara da keken dogarawa mai ƙafa huɗu, a wata na uku ta koma sanda. Ba ta dawo yadda take ba, tana ɗan ɗingishi, daka da zuwa kasuwa kuma ta bar wa jikoki. Juma'ar da ta wuce ta taka da kanta zuwa sunan maƙwabta, gida huɗu tsakani, ta aiko yaro ya ɗauko mata kujerarta.